Garin wake na leda: ya rage wahala, bai rage kumburin ciki ba

Garin waken da ake sayarwa a leda, rabin kilo ko kilo ɗaya, ya samu karɓuwa wurin waɗanda suka rage cin nama suka koma wa alale da ƙosai. Ba surfe, ba wanki, ba zaman layi wurin mai inji. Ta fuskar sauƙi kam ya cancanci kuɗinsa.

Inda ba a gaya wa mai saye gaskiya shi ne batun iska. Masu sayarwa kan ce tunda an cire ɓawo, cikin ba zai kumbura ba. Ba haka abin yake ba. Abin da ke kawo tusa wasu nau'o'in sukari ne, rafinos da sitakiyos, kuma a cikin ƙwayar waken suke, ba a ɓawon kaɗai ba. Jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin da zai narkar da su a ƙaramin hanji, sai su wuce babban hanji, bakteriya su ci su, iska ta taru. Wannan sukarin yana narkewa a ruwa, shi ya sa waken da aka jiƙa awa 8 zuwa 12 aka zubar da ruwan ke rage wani kaso nasa. Garin leda kuwa galibi a bushe ake niƙa shi, kuma ruwan da aka kwaɓa shi da shi ne ake dafawa a ci. Ba abin da ya fita.

A wurin girki, alale ya fi dacewa da shi. Kofi 2 na gari, ruwan ɗumi kofi 3, a zuba kaɗan-kaɗan ana damawa don kada ya yi gudaji, a bar shi minti 30 ya sha ruwa kafin a sa mai da kayan miya. Idan aka yi gaggawa, tsakiyar alalen zai fito da gari-gari. A turara shi minti 45 zuwa awa ɗaya. Ƙosansa bai kai na markaɗe tashi ba, sai an rage ruwa an buga ƙullun sosai, in ba haka ba ya sha mai ya kwanta a kasko.

Kafin a saya, a shinshina. Warin tsohon mai ko ɗan zare-zare a kusurwar leda alama ce ta daɗewa da ƙwari.

Ga mai saurin kumburi, a fara da ƙullin alale ɗaya a rana, a ƙara bayan mako biyu, domin hanji kan saba. A rage albasa, ita ma tana kawo iska, haka kabejin da ake yankawa a kai. Kanwa tana tausasa wake, amma yawanta yana lalata bitamin B1, don haka ɗan kaɗan ya isa. Wanda duk da haka cikin ya ƙi lafawa, awara ta fi masa wannan garin, saboda yawancin sukarin yana bin ruwan da ake matsewa. Idan kumburin ya zo da rama, jini a bayan gida ko ciwo mai tsanani, to a je asibiti.