Mypy ko Pyright: wanne ya dace da manhajar da ke aiki a Windows da Linux?

Duk wanda ke rubuta manhaja da Python domin ta yi aiki a Windows da Linux da macOS ya san inda gizo ke saƙa. A ce ana son kulle fayil: a Linux sai an kira fcntl, a Windows kuwa msvcrt ake nema, don haka akan raba aikin gida biyu a ƙarƙashin sharaɗin sys.platform, wanda ke nuna tsarin da manhajar take gudana a kai. Daga nan alamomin nau'i, wato masu nuna irin bayanan da aiki ke karɓa ko mayarwa, suke fara saɓawa, reshe ɗaya ya mayar da lamba, ɗayan ya mayar da None, ba tare da kowa ya ankara ba.

Mypy da Pyright, kayan aikin da ke duba waɗannan alamomi don gano irin wannan saɓani, duka kyauta ne, saboda haka abin da za a auna shi ne lokaci da natsuwa. Tun a ƙa'idar PEP 484, wadda ta zo tare da Python 3.5 a 2015, aka buƙaci masu duba nau'i su fahimci irin wannan sharaɗi. Sai dai fahimtar tana da illa, domin mypy yana ɗaukar reshen da bai dace da na'urar da yake kai ba a matsayin wanda ba za a taɓa isa gare shi ba, ya tsallake shi baki ɗaya. Mai aiki a Linux zai ga komai lafiya lau, alhali reshen Windows ko kallonsa ba a yi ba. Maganin shi ne a gudanar da shi sau uku da --platform, wato linux da darwin (macOS) da win32 (Windows). A kuma sani cewa bai gane platform.system(), wata hanyar gano tsarin na'ura, ba.

Pyright na kamfanin Microsoft ya fi sauri, kuma ta hanyar Pylance, wani ƙari na manhajar rubuta shirye-shirye ta VS Code, yana dusashe launin reshen da bai duba ba, abin da nake ganin babbar fa'ida ce ga sabon shiga. Saitinsa na pythonPlatform yana karɓar All, wanda ke sa ya leƙa rassan duka.

A ra'ayina, tsohon aikin da ya riga ya dogara da mypy bai kamata ya sauya ba; a ƙara masa zagaye uku a gwajin da ke gudana kai tsaye bayan kowane gyara. Sabon aiki kuwa zai fi jin daɗin Pyright. Kowanne aka ɗauka, a rubuta Protocol guda, wato tsarin da ke fayyace siffar da aikin zai kasance da ita, wanda ya shigo a Python 3.8, a wajabta wa kowane reshe cika shi, domin saɓani ya bayyana tun kafin manhajar ta isa hannun mai amfani da Windows.