Akuya ko 'yan kunnen zinare: wanne za a ba jaririyar?

Hajiya, barka da arziki, Allah Ya raya mana kishiyar taki. Kin ce suna ya matso, kuɗin hannunki kuma na abu ɗaya ne, ko 'yan kunnen zinare ko akuya, kina son abin da yarinya za ta girma ta tarar.

Zinare ba ya ci, ba ya sha, ba ya ciwo. In kin shiga Kasuwar Rimi a Kano, a auna miki a gabanki, ki ji giram nawa ne, ki karɓi rasit. Sai dai ranar sayarwa nauyin kawai ake saye, kuɗin aikin da kika biya ba ya dawowa, kuma giram ɗaya ko bayan shekara 15 giram ɗaya ne. Ga kunnen jariri ba ma'ajiya ba ne. Na jikata ta fari zanen goyo ne ya fizge guda, muka wuni muna tankaɗe rairayin tsakar gida da rariya, ba mu gan shi ba. In shi kika zaɓa, a sa mata na roba, zinaren ya kwanta a akwatin uwarta.

Akuya kuwa haihuwa take. Cikinta wata 5 ne, jar akuya ta saba tagwaye, mai samun kula kuma takan haihu sau 3 cikin shekara 2. Ki aika wanda ya san dabba Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a. Ya buɗe bakinta: wadda manyan haƙoranta biyu suka fito ita ce budurwar da ake so. Ya duba hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe.

Amma fa wahalarta ba kaɗan ba ce. Da damina tana turke, sai an yanko mata ciyawa, in ta kwance ta shiga gonar maƙwabci a kwana ana shari'a gaban mai unguwa. Da rani harawa, dusa da kanwa. Cutar nan ta zawo da majina in ta shigo gari tana iya share garke, don haka kada a yi wasa da allurar rigakafi.

Ni dai akuya zan saya, muddin akwai mai kiwon da kika yarda da ita, ku kuma yanke rabonta a cikin 'ya'yan tun farko. Abin da ya fi cinye akuyar jika ba ciwo ba ne, "a ara a sayi takin gona, a mayar in kaka ta yi" ne. Saboda haka ranar suna, bayan an shafa fatiha, a riƙo igiyarta gaban uban da liman a ce wannan ta yarinya ce, ita da duk abin da ta haifa. In bunsuraye sun taru a sayar gab da Sallah, lokacin sai a je Rimi a auno mata zinaren.