TH350 da TH400: wanne ya fi sauƙin daidaita sifidomita bayan an canza aksul?

Malam, ka ce motarka Chevrolet Chevelle ta 1970 ka sauya mata giyar aksul na baya daga 3.08 zuwa 3.73, yanzu kana gudun mil 60 a awa allurar sifidomita na nuna kusan 73, kuma kana tunanin barin giyabos ɗin otomatik na TH350 ka koma na TH400. Sifidomitar lafiyarta ƙalau. Farfela ce take juyawa fiye da da, da kashi 21 cikin ɗari.

Lissafin ɗaya ne a giyabos ɗin duka biyu. Raba 20,168 da tsayin taya a inci, ka sami zagayenta a mil guda; taya mai inci 26 tana yin 776. Sai ka ninka wannan da rashiyon aksul, ka sake ninkawa da haƙoran giyar da ke kan shaf a ciki, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne haƙoran ƙaramar giyar roba da kebul yake shiga. Ƙarin haƙora yana sauke allura.

A TH350 na Chevrolet gidan da wannan giyar robar take zama ƙarami ne, giyoyinsa daga wajen haƙora 17 zuwa 25. Idan ta ciki mai 8 ce, da 3.08 kana kan 19, da 3.73 kana buƙatar 23. A ganina kada ka matsa sama haka, domin giyoyi masu yawan haƙora sun fi faɗi, ba kowace giyar ciki suke haɗuwa da ita daidai ba, sai robar ta cinye allura ta fara rawa. Gara ka sa ta ciki mai 7, lissafi ya ba ka 20. Wahalarsa sai an sauke farfela, an kwance bolt huɗu na wutsiyar giyabos, an danne ɗan kilif ɗin da ke riƙe giyar a zare ta. Kafin ka sayi komai ka ƙirga haƙoran ta cikin da idonka, launi kan ruɗi mutum idan mai ya daɗe a kanta.

TH400 babban gida ne, haƙora 34 zuwa 45. Da ta ciki mai 15, daga 36 za ka koma 43, duk daga waje, bolt ɗaya. Tarkonsa gidan iri biyu ne: ɗaya na 34 zuwa 39, ɗaya na 40 zuwa 45, an buga lambobin a jikinsa. Ka sa 43 a gidan farko, ko ta ƙi zama ko ta tauna kanta. TH400 ya kuma fi dacewa da lissafi, tunda haƙori guda a can bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, a TH350 kuwa kusan kashi 5 ne.

Amma sifidomita kaɗai ba dalilin sauya giyabos ba ce. Sa 7 da 20, ka canza zoben roba na gidan don kada man giya ya tsiyaya, sannan ka gwada da GPS na waya a mil 60.