Gudu zalla ko tsere uku: da wanne ɗan Damagaram zai fara?

Ƙanena, ka ce ka ga bidiyon masu tirayatilon, wato tsere uku, wasan nan da ake haɗa ninƙaya da keke da gudu a jere babu hutu, ranka ya biya, kana tambaya ko da shi za ka fara ko ka tsaya ga gudun dogon zango tukuna. Ni dai a ganina, mutumin da ke zaune a Damagaram gudu ya kamata ya sa a gaba, keke ya biyo, ruwa ya zo daga baya. Bari in jera maka su ka auna da kanka.

Mu fara da nisa, don nan ne bidiyo ke ruɗin mutane. Abin da ka kalla, inda ake shiga teku da asuba wasu su ƙare cikin dare, shi ne Ironman: ninƙaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki cikakke, kilomita 42.195. A tsibiran Hawai na Amurka aka fara shi a 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Wannan ba na sabon shiga ba ne. Wanda ake yi a gasar Olamfik tun ta birnin Sidni a 2000 shi ne ninƙaya kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Akwai kuma ƙaraminsa, rabin wancan daidai: mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke, 5 a ƙafa. Da shi yawanci ake farawa, kuma sabon shiga kan gama shi cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi gudu zalla matakalarsa a fili take: kilomita 5, sai 10, sai rabin fanfalaki mai kilomita 21.1, sai cikakken. Wanda ya fara rabin fanfalaki yakan ci awa biyu ko fiye, ka ga ke nan wajen daɗewa a fili ba su da nisa da ƙaramin tsere uku.

Wajen kuɗi ba a ma haɗa su. Gudu takalmi kawai yake nema, kuma idan ka natsu ka zaɓa a gwanjon kasuwar Dole za ka samu mai kyau. Ka duba ƙasansa bai cinye gefe guda ba, ka kuma bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, don ƙafa na kumbura idan tafiya ta yi nisa. Tsere uku kuwa sai keke mai lafiyar birki, da hular kwano, da tabarau na ruwa, da kuɗin shiga wurin ninƙaya duk mako. Hular nan dole ce: a ƙa'idar gasa ba ka taɓa kekenka sai ka ɗaure ta. Amma kada kekunan bidiyo su karya maka gwiwa. Keken da kake zuwa aiki da shi ya isa shekarar farko. Abin da zai dame ka a nan ƙaya ce da rairayi, don haka ka koyi yin faci da hannunka, ka riƙa goge sarƙa kana sa mata mai.

To, ruwa. Nan ne maganar take.

Garin da ake sayen ruwan sha wajen ƴan ga-ruwa, a ina mutum zai samu inda zai yi ninƙayar mita 750 sau biyu ko uku a mako? Na san abin da zuciyarka za ta raya maka: tafki, idan damina ta sauka. Don Allah ka cire wannan daga ranka. Ruwan da ke kwance shi ne gidan tsargiya. Tsutsar tana girma cikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwan, ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni ya fara ganin jini a fitsari. Ba sai ka sha ruwan ba, shiga kawai ta isa. Akwai magani a likita, amma wanda ke komawa tafkin kullum da sunan atisaye sake ɗauka zai yi ta yi. Ga kuma laka da ramukan da masu yin tubali suka haƙa, waɗanda ba a ganin zurfinsu daga sama. Duk damina muna jin labarin yaran da ruwa ya ci, kuma abin yana ci mini rai.

Ban da haka, ninƙaya ita ce kaɗai cikin ukun da ƙarfi ba ya saye. Gudu da keke idan ka dage jiki zai saba. Ruwa kuwa sai wanda ya iya ya tsaya kanka ya nuna maka yadda ake fitar da numfashi a ciki, a juya kai gefe a shaƙa, jiki na kwance sambal. Iyon da muka koya muna yara, kai a sama ana dukan ruwa, ba ya kai mutum mita 100 bai galabaita ba. Kuma wanda ya gaji a kan hanya zai iya zama gefen titi ya huta, a tsakiyar ruwa babu gefe. Ba ina cewa ɗan Nijar ba zai yi wasan ruwa ba. Hamadou Djibo Issaka ya wakilce mu a tuƙin kwale-kwale a Olamfik na Landan a 2012 bayan horon wata uku kacal, ya zo na ƙarshe amma ƴan kallo suka yi ta masa tafi. Sai dai shi yana da kogin Isa a gabansa, mu kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne.

Inda tsere uku ya fi gudu, kuma wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye ba, shi ne tausayin gaɓoɓi. Duk takun da mai gudu ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafarsa ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Shi ya sa sabon shiga mai zumuɗi kan ƙare da ciwon ƙwauri ko gwiwa kafin wata biyu. Keke ba ya dukan gwiwa haka, alhali zuciya da huhu suna samun aikinsu. Mai jiki sosai, ko wanda shekaru suka fara ja, ya fi samun sauƙi idan ya cakuɗa.

Wannan ne ya sa nake so ka san da na tsakiya, wanda ake kira duwatilon: gudu, keke, a sake gudu, babu ruwa ko kaɗan. Ƙaraminsa gudu kilomita 5, keke 20, gudu 2.5. Kamar don mu aka yi shi. Daga nan zuwa Mirya kusan kilomita 18 ne, zuwa kawai ya kusa cika maka zangon keke, zuwa da dawowa kuma ya doshi na Olamfik. A nan za ka ɗanɗani abin da masu tsere uku suka fi magana a kai, wato sauka daga keke a fara gudu nan take. Ƙafafu sai su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, minti biyar zuwa goma kafin su saki. Ba a saba da wannan sai da maimaitawa, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Rana kuwa ba ta bambanta mai gudu da mai keke. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka atisaye daga sallar asuba ne zuwa hantsi, shi ke nan. Mai keke ya fi shiga haɗari ta wata fuska, don iska na busar masa da zufa bai san ruwan jikinsa na ƙarewa ba. Idan fita za ta wuce awa guda, ka ɗauki ruwan gishiri da sukari irin na asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ga dabino a aljihu. Fitsari ya yi duhu, ka sha ruwa. Jiri ko ciwon kai ya zo, ka tsaya a inuwa, kada ka ce sai ka ƙarasa. Da azumi ka mayar da atisayen bayan buɗa-baki, ka rage. Lokacin hunturu ya fi daɗin komai, sai dai ranar da ƙura ta rufe gari ka bar hanya, direba ba ya hango mai keke.

Ga yadda zan so ka yi. Wata biyun farko gudu sau uku a mako, kana haɗawa da tafiya, har ka iya kilomita 5 kana magana ba ka haki. Kada ka ƙara nisa fiye da kashi ɗaya cikin goma a mako. Wata na uku ka sa keke kwana biyu. Idan kana da hawan jini, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji wajen aiki, ka ga likita kafin komai. Ninƙaya kuma ka ajiye ta har ranar da ka samu wurin wanka mai tsaftataccen ruwa da mai koyarwa a tsaye, ko nan ko in tafiya ta kai ka Yamai ko Kano.

Ranar Asabar bayan asuba ka zo da kekenka mu duba birki da tsayin sirdi, sai mu kama hanyar Mirya a hankali.