Watkins Glen: wajen ya haɗu, amma ka zo da gwiwarka

Masu tambayata ko zuwa Watkins Glen ya kai a sha wahalar tuƙi daga birnin New York, eh wallahi ya kai, amma da sharaɗi. Wajen shaƙatawa ne na gwamnatin jihar New York tun 1906, yana can yankin Finger Lakes a bakin tafkin Seneca ta kudu, daga unguwar Bronx ta birnin New York kusan awa biyar ne a mota, wanda zai je ya dawo a ranar sai dai ya kama hanya da ya idar da asuba.

Abin da kowa ke zuwa gani shi ne Gorge Trail, hanya ce da ta ratsa wani kwazazzabo mai zurfi da rafin Glen Creek ya fafe a cikin dutse, ruwan na saukowa wajen ƙafa 400 a tsawon mil biyu kacal, magangarar ruwa har 19, kana wuce wannan kana jiyo ƙarar ta gaba. Wanda ya san Gurara kar ya sa ran irin wancan faɗin da ƙugin, nan matsatsi ne, dutse dama dutse hagu, ga sanyi na ratsa ka ko da ana tsakiyar zafi. A magangarar Cavern Cascade hanyar ta bayan ruwan take bi, ruwa na zuba a gabanka kai kana tsaye a bayansa, daga nan ka shige wani rami mai matakala da ke murɗawa sama. Rainbow Falls kuwa nan ake cunkoson hoto, sai ka yi haƙuri ka bi layi, kuma dole ka jiƙe, wayarka a leda kawai.

To sharaɗin nan. Matakala sama da 800 ne, na dutse, a jiƙe, wasu da santsi, kuma sai ka ɗauka ka gama sai ga Jacob's Ladder a ƙarshe, 180 a jere ba sassauci. Kar ka ɗauko Hajiya mai ciwon gwiwa ka ce za ta lallaɓa, keken jarirai ma ba ya shiga, goyo ne mafita. Silifas ko takalmin zuwa biki a bar su a mota. Da rani akwai bas da ake biya mai kai mutum ƙofar sama, sai ka biyo hanyar kana gangarowa, ni dai a ganina hawa daga ƙasa ya fi daɗin kallo don ruwan na fuskantarka. Yawancin ginin dutsen nan an sake shi ne bayan ambaliyar 1935, kuma aikin ya yi kyau, kamar da shi aka halicci wajen.

Kuɗin mota ake biya ba na kai ba, mu dala 10 muka bayar. Abinci mun taho da namu a kula, garin ƙarami ne kar ka dogara da samun na halal, sallah kuma mun shimfiɗa darduma a kan ciyawa wajen teburan cin abinci, ba wanda ya ko kalle mu.

Da hunturu a rufe hanyar take saboda ƙanƙara, sai wajen tsakiyar Mayu ake buɗewa zuwa ƙarshen Oktoba, a duba kafin a taso. Asabar da rana kuma kar ma ka fara, ranar aiki da sassafe ya fi.