Kuben ƙaramar bindiga daga hannun dukawan Marwa: ɗinki ya yi, zaɓen fata ne da saura

Garin Marwa, a arewacin Kamaru, ba a yi masa gorin fata. Majemansa na jima da bagaruwa tun kaka da kakanni, kuma duk wanda ya ratsa rumfunan masu sana'ar hannu da ke kusa da babbar kasuwa ya ga jakunkuna da takalma da matasai da kuben wuƙa masu ɗinki tsaf. Shi ya sa jami'in farin kaya, ko wanda hukuma ta ba izinin riƙe ƙaramar bindiga, kan ga bai da dalilin jiran kuben kanti daga Duwala ko Yawunde alhali ga baduku a unguwa. Wannan sharhi a kan irin wannan aikin ne: kuben da ake sawa ta cikin wando, riga ta rufe shi. Magana ce ta masu takarda kawai, domin dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ba ta bar kowa ya mallaki bindiga ko ya yi yawo da ita ba sai da izini.

Hukuncinmu shi ne hannun dukawan nan ya isa aikin, har ya yi yawa. Inda ake samun tangarɗa shi ne in ka bar wa baduku zaɓi, zai yi maka kube da tunanin mai yin jaka: fatar akuya mai laushi, wadda ta sha mai, da rini mai ɗaukar ido, wani lokaci har da tunku da zane. A hannu daɗi gare shi. A ƙugu haɗari ne.

Dalilin yana wurin kunama. Bindigogi irin su Glock ba su da wani makulli na gefe da ake murɗawa da babban yatsa. In dai akwai harsashi a ciki, duk abin da ya danna kunama sosai zai tashi bindigar. Fata mai laushi, bayan wata biyu ko uku tana shan gumi, bakinta kan lanƙwashe ciki. Ranar da mai ita ya zo mayar da bindiga, wannan lanƙwasar ta shige cikin zoben da ya kewaye kunama, shi kuma yana turawa ƙasa, cinyarsa na daidai bakin bindigar. Don haka sharaɗi na farko, kafin maganar daɗin sawa, shi ne kube ya rufe zoben kunama gaba ɗaya ta ɓangarori biyu, da fatar da yatsa ba zai iya lotsa ta ba, kuma bakinsa ya tsaya a buɗe ko an zare bindiga bel na matse shi.

Abin da za ka nema shi ne ƙirgin saniya jimar bagaruwa, kaurin milimita 2.5 zuwa 3. Ƙasa da haka ba ya riƙe siffa. Sama da milimita 3.5 kuma ya zama ƙarin kaya a cikin wando. A yanko daga gadon baya ko kafaɗa. Fatar ciki tana miƙewa, kuma ita baduku zai fi son ba ka domin ita ce ragowar da ba ta shiga takalmi. Kafin a yanka, ka ce: “Malam, a ɗan tsaga mini gefe in ga cikinta.” In launin ya ratsa daga sama har ƙasa iri ɗaya, jima ta kama. In ka ga wani siririn layi fari-fari mai ƙyalli a tsakiya, bagaruwa ba ta kai can ba, ɗanya ce. Da damina za ta yi wari, da hunturu ta tsage. Wannan aibi ya fi yawa a ƙirgi mai kauri, saboda majemi ya saba da fatar akuya da ta tunkiya masu saurin kamawa, kuma kasuwa na hanzarta shi. A duba bayan fatar ma, ko akwai sharɓen wuƙar mai fiɗa, domin nan ne wurin da za ta fara ɓallewa.

Akwai kuma fatar kamfani da ke shigowa kasuwa, mai santsi da launi ɗaya, wadda aka jeme da sinadarin kurom. A guje ta. Ba ta ɗaukar siffa in an jiƙa ta, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna kukan tana ɓata baƙin jikin ƙarfe idan ta haɗu da danshi. Gane ta ba wuya: tsagin gefenta shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka, in an ƙona ɗan guntu tokar takan yi kore.

Wurin da dukawan Marwa suka ci tuta shi ne ɗinki. Allura biyu, zare ɗaya, kowace huda zaren ya ratsa ta daga ɓangarori biyu, ta yadda ko ɗaya ya tsinke sauran ba ya warwarewa. Na keke ba ya yin haka. Abin da ya kamata a ƙara musu kaɗan ne: zaren nailan da aka goga wa kakin zuma maimakon siririn tsirkiyar fata da suke ƙawata jaka da shi, tazarar huda kamar milimita 4, nisan layi daga baki milimita 4 zuwa 5, sannan a ɗan kwarzane hanya a jikin fatar domin zaren ya kwanta ciki, kada ƙarfe ya riƙa cin sa. A manne fallen biyu da gam kafin a huda. A ƙarshen kowane layi a koma baya huda uku, musamman a ƙarƙashin zoben kunama, inda nauyin bindiga ke sauka.

Awo shi ne inda aiki kan lalace tun a kwali. Kada a kai bindiga kasuwa. Ba tsari ba ne, kuma jawo wa baduku fitina ne. A zana siffarta a kwali a gida, bayan an cire gidan harsashi an kuma tabbatar babu ko ɗaya a ciki, a auna kaurinta, a sa kafinta ya fafe kwatankwacinta da katako mai tauri. Wannan katakon shi baduku zai yi aiki da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗinka daidai kan layin zanen, an manta bindiga na da kauri, sai kube ya fito ba ta shiga. Ƙa'idar da masu kube mai falle biyu ke bi ita ce a matsar da layin ɗinki waje da rabin kaurin bindiga, a ƙara kaurin fatar. In kaurin bindigar milimita 26 ne, fata kuma milimita 3, layin zai fita da milimita 16. A gefen kunama a ɗan matse fiye da haka, domin nan ne riƙon yake.

Daga nan sai gini. A tsoma ɗinkakken kuben a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 15 zuwa 30, a ajiye shi har launin ya fara dawowa, a tura katakon ciki, a bi da ƙaho ko ƙashi mai santsi ana dannawa a gefen zoben kunama da tsawon jikin. A ɗaure ɗan siririn itace kamar fensir a saman katakon tun daga ɗan ƙarfen saiti na gaba har baya, domin ya bar masa hanya. In ba a yi ba, saitin zai riƙa karto fata duk zarewa, har ya maƙale. A kula kada ginin ya hau maɓallin sakin gidan harsashi, don kada zama a mota ya danna shi. Bushewa a inuwa, inda iska ke ratsawa. Rana ta Maris da Afrilu a Marwa tana wuce digiri 40, kuma kuben da aka shanya a kan kwano da tsakar rana yakan ƙanƙance ya yi ƙamas, daga baya ya karye a lanƙwasa.

Yanzu maganar daɗin sawa, wadda ita ce ta kai mutane ga fatar akuya tun farko. Abin da ke cin ƙugu ba taurin fata ba ne. Kusurwa ce, da motsi, da gumi. Kuben da ya yi daidai yana da falle na baya mai faɗi da ke bin lanƙwasar jiki, kusurwoyinsa duk an zagaye su, an dirje gefensu da ruwa da kaki har sun yi santsi. Fallen bayan ya ɗaga sama ya shiga tsakanin jiki da bayan bindiga, amma kada ya taɓa mariƙi, domin hannu ya samu kamu cikakke. Wannan ɗan harshen shi ke hana ƙarfe goga fata, shi ke kuma hana gishirin gumi kaiwa ga ƙarfe. Dukawa da yawa kan yanke shi don sun ga kamar ɓarnar fata ce, sai an nace. Ƙasan kuben ya wuce bakin bindiga da milimita 5 ko 6, a bar shi a buɗe don ƙurar hunturu da zare-zaren riga su faɗo.

Dabarar da ta fi dacewa da zafinmu tsohuwa ce. Bruce Nelson, wani jami'in tsaro a Kaliforniya ta Amurka, ya fito da ita a shekarun 1960, kamfanin Milt Sparks ya yaɗa ta: a juya fata, gefen gashi mai santsi ya koma ciki wajen bindiga, gefen nama mai kaushi ya fito waje ya kama wando, sannan a naɗe bakin da ƙarin falle mai siririn ƙarfe a ciki. Baduku zai yi maka kallon mamaki in ka ce a juya fata, domin a wurinsa wannan bayan aiki ne. Amma kube ba ya zamewa, bindiga kuma na fita sumul. Ƙarin fallen bakin faɗin santimita 2.5 zuwa 3 ya isa.

Sai karkata. Wanda ke sawa a bayan ƙashin ƙugu ya sa a karkatar da mariƙi gaba da digiri 10 zuwa 15. Hakan na kwantar da shi a jiki, riga ba ta tokaro, kuma ba ya soki haƙarƙari in an zauna a kan babur. Zurfi kuwa, a bar tazarar da yatsu uku za su shiga tsakanin mariƙi da bel.

Bel ɗin nan shi ne rabin aikin, kuma nan ne suturarmu ke kawo cikas. Glock 19 cike da harsasai tana kai wa gram 850, Beretta 92 kuwa ko babu harsashi ta kusa kilo ɗaya. Wandon kaftani mai mazagi ba zai ɗauki wannan ba. Kube zai rinjaya waje, yana lilo, a ruku'u ya zame, a zaman tahiya ya juya. Ko dai tela ya sa wa wandon madaukan bel, ko a ɗaura bel daban a ƙarƙashin riga a kan singileti. Bel ɗin ya zama falle biyu na ƙirgi da aka manne aka ɗinke, faɗin milimita 38, madaukan kube kuma a yanka su daidai wannan faɗin, ba da sarari ba. Madauki biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, sun fi ɗaya a tsakiya, domin suna raba nauyi kuma ba sa ƙara kauri a kan bindiga. Bel kam, dukawan Marwa na yin wanda ya fi na kanti nesa ba kusa ba, kuma ya fi kyau a ba da aikin biyun tare. Maɓallan ƙarfe na kasuwa su ne rauninsu: suna ɓallewa da kansu, na tagulla kuma na yin koren tsatsa da gumi. Madauki ɗinkakke da bel ke ratsawa ya fi aminci, ko da cirewa na ɗaukar lokaci.

Rini a bar shi. Jan karan dafi da baƙin kuloko suna da kyau a jaka, amma a nan gumi zai kwaso su ya zuba a farar shadda. Launin bagaruwa kawai, da ɗan kakin zuma a waje.

In kube ya zo gida, a gwada shi da bindigar da aka tabbatar babu harsashi, a kan katifa. A juya shi ƙasa a girgiza a hankali: kada ta faɗo. A danna fatar da ke kan kunama da babban yatsa da ƙarfi: kada ta motsa. A ɗaura, a zare, a mayar da hannu ɗaya ba tare da an buɗe bakin da ɗayan ba. In ya matse da yawa, a naɗe bindigar da leda falle ɗaya ko biyu a tura ta kwana ciki. Kada a zuba man gyaɗa ko man shanu don ya saki, duk da ita ce shawarar da za a fara ba ka a rumfa, domin mai ba ya fita kuma shi ke kashe tauri. In ya yi sako-sako, gyaransa ƙarin layin ɗinki ne a gefen kunama.

Farashi ciniki ne, kuma bai kai na shigowa da shi daga waje ba, sai dai a sa ran biyan kuɗin katakon kafinta, a kuma yarda cewa na farko kan zama gwaji. Kowace yamma a zare bindiga a goge ta, a bar kube ya sha iska, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da danshi ke sa fata fumfuna. Duk wata a sake danna bakin da gefen kunama da yatsa. Ranar da suka fara lotsawa, a koma wa baduku da katakon a yi sabo.