Sakandaren Montgomery Blair a Silver Spring: abin da na gani bayan 'yata ta gama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayata ko su kama haya a Silver Spring da ke jihar Maryland ta Amurka saboda makarantar yara, amsata ita ce eh ku kama in dai aljihu zai ɗauka, domin Montgomery Blair makaranta ce ta gaske, 'yata ta yi aji 9 har zuwa aji 12 a can kuma wallahi ban taɓa nadamar kai ta ba. Amma fa akwai abin da nake so ku sani tun kafin ku sa hannu a takardar haya, makarantar nan gari guda ce, ɗalibai sun haura 3,000, babu sakandaren gwamnati da ta kai ta yawan yara a duk gundumar Montgomery. Duk alherin da ke cikinta daga wannan girman ya fito, kuma duk aikin da zai hau kanku iyaye shi ma daga nan ne.

Tana nan a unguwar Four Corners inda titin University Boulevard ya haɗu da Colesville Road, jikin babbar hanyar nan 495 da ta zagaye Washington, in kina wucewa a mota za ki hango hasumiyarta a sama. Ginin nan na 1998 ne, amma ita makarantar tsohuwa ce, tun 1925 aka buɗe ta da sunan Takoma Park da Silver Spring, a 1935 ta koma titin Wayne Avenue aka sa mata sunan da take da shi yanzu, tsohon ginin ma yana nan ana karatun ƙananan yara a ciki. Shi mai sunan kuwa ministan gidan waya ne a gwamnatin Abraham Lincoln, kuma lauya ne, shi ya tsaya wa Dred Scott a kotun ƙoli, bawan nan da ya nemi 'yancinsa alƙalai suka yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Ranar da 'yata ta dawo tana ba ni wannan labarin a kicin ina tuƙa tuwo sai da na ajiye muciya na saurare ta, don ni da ina ɗauka sunan wani attajiri ne kawai aka manna. Mahaifinsa Francis Preston Blair shi ne ma ya ga idon ruwan nan mai ƙyalli a 1840 wanda garin ya samo suna daga gare shi, kuma gidan danginsu ne Blair House na Washington inda ake saukar shugabannin ƙasashe, nan marigayi Buhari ya sauka a 2015 da ya zo wajen Obama.

To maganar karatu. Abin da ya sa sunan Blair ya yi nisa shi ne shirin Magnet na kimiyya da lissafi da kwamfuta, wanda aka fara a 1985, kuma asalin dalilin kafa shi har da neman a jawo yara daga unguwannin masu hali su cakuɗu da na wannan yanki. Yara wajen 100 ake ɗauka a shekara, tun suna aji 8 ake nema, gasar kuma ba wasa, su ne masu ciyo wa makarantar kofi, a 2016 ma su suka ci gasar kimiyya ta ƙasa baki ɗaya. Sai kuma wani shirin da ake kira CAP na masu son rubutu da aikin jarida da fim da wasan kwaikwayo. Nan ne nake so 'yan uwa su fahimce ni da kyau, zama a unguwar ba ya sa yaro cikin Magnet ko CAP, adireshi kujera kawai yake ba ki a makarantar. Na ga waɗanda suka taso daga wata gunduma da wannan tunanin suka zo suka tarar ba haka ba ne. 'Yata ba ta cikin ko ɗaya, ɗalibar gama-gari ce, kuma a matsayin uwar ɗalibar gama-gari nake wannan sharhin.

Kuma duk da haka ta samu, sosai ma. Darussan AP suna nan birjik ga duk yaron da ya nuna zai iya, waɗannan darussa ne na matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, a watan Mayu a zauna jarrabawa a ba da maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa suna karɓar 3 ko 4 zuwa sama su yafe wa yaro wannan kwas ɗin, kin ga kuɗi ne kai tsaye ya rage miki. Akwai kuma damar ɗaukar kwas a Montgomery College tun yaro bai gama ba. Ita tawa ilimin halittu ne ya shiga ranta, malamin da ya koyar da ita yakan zauna da su lokacin cin abinci yana maimaita musu abin da bai zauna ba, ba ko sisi, na sha ganin takardunta ya bi layi-layi da jan biro har da inda ya rubuta mata ta zo su sake duba tambaya ta kaza tare. Allah Ya saka masa da alheri. Kwamfutar Chromebook makaranta ce ta bayar, littattafai haka, motar makaranta haka, kuɗin makaranta babu, harajin gidaje da na jiha ne ke ɗauke da komai, wanda a fakaice kina biya ne ta cikin kuɗin hayar nan mai tsada. Abinci ma akwai fom da ake cikewa a rage ko a yafe in samun gidan bai kai ba, kar kunya ta hana kowa cikewa.

Amma a wuri mai yara dubu uku ba wanda zai bi ɗanki da cokali. Malamar ba da shawara ɗaya tana riƙe da yara masu yawan gaske, haka tsarin yake a kusan duk manyan makarantun gwamnati na ƙasar nan, wanda ya je ya ƙwanƙwasa shi ake buɗe wa, kuma da an je ɗin ana saurara. Yaranmu kuma mun tarbiyyantar da su da kawaici, ba sa ɗaga ido su kalli babba balle su ce malam ban gane ba, a gida wannan ladabi ne, a can sai a ɗauka komai lafiya. Sai da na zaunar da ita na ce mata tambaya ba rashin kunya ba ce. Ni kuma na sauke manhajar iyaye ta ParentVUE a waya, duk makin da aka shigar da duk ajin da ta makara ina gani, na riƙa tura saƙo ga malamai da ɗan Turancina, kuma suna amsawa. Daren da ake gayyatar iyaye farkon shekara ki bi jadawalin ɗanki aji-aji, kar ki bari ya wuce ki, a nan na fara taka doguwar barandar nan da suke kira Blair Boulevard ana canjin aji, cunkoso kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah, na ce oh ashe wannan yarinyar ke ratsawa kullum da jaka a baya.

Ana shiga 7:45 na safe a tashi 2:30. A watan Janairu yarinya za ta fita tasha gari bai gama wayewa ba sanyi na ratsa ƙashi, ga hijabi ga hula ga safar hannu da kofin shayi, wannan kam sai haƙuri.

Ta ɓangaren zaman yara kuwa, abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne ba wanda ya zama bare. 'Yan Habasha sun cika Silver Spring, ga 'yan El Salvador, ga 'yan Kamaru da Ghana da Najeriya, ga 'yan Asiya ga Turawa, babu yunifom, mai hijabi ba abin kallo ba ce ko kaɗan. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da azumi ita da ƙawayenta sukan koma laburare lokacin cin abinci, sallar azahar kuma wata malama ce ta bar musu kusurwar ajinta. Tun 2016 gundumar ta fara daidaita kalandarta yadda yara za su samu hutun ranar Sallah, bayan Musulmin yankin sun daɗe suna fafutuka, ga masallacin MCC a New Hampshire Avenue ba nisa. Jaridar ɗalibai Silver Chips kuwa ni kaina ina karantawa in ta kawo gida, yara ne ke rubutawa amma ba sa tsoron taɓo hukumar makarantu, har da shafukan Sifaniyanci a ciki. Ba mamaki, Carl Bernstein da ya tono badaƙalar Watergate da Connie Chung ta talabijin duk nan suka yi. Wasanni ma akwai kala-kala, Blazers ake ce musu, ja da fari.

Tarbiyya dai taki ce, makaranta ba za ta yi miki ba. Yaro zai ga abin da ba mu saba ba, shiga da mu'amalar maza da mata da bikin rawar 'yan ajin ƙarshe, gara ku yi maganar a gida tun kafin lokacin ya zo. A darasin lafiya akwai sashen da ya shafi jima'i da zaman iyali, dokar Maryland ta ba iyaye dama su rubuta a cire ɗansu daga wannan sashen, ki karanta takardar da za a aiko ki yanke abin da ya dace da gidanki. Shari'ar nan ma da iyaye suka ci a kotun ƙoli a watan Yunin 2025 kan 'yancin cire yaransu daga darasin wasu littattafan 'yan firamare da suka saɓa wa addininsu, daga wannan gundumar ta taso.

Sai abu biyu da ke kama sababbin zuwa. Ba a ba yaro shaidar kammalawa a Maryland sai ya cika awa 75 na aikin sa kai, SSL suke cewa, ku fara tarawa da wuri kuma ku tabbatar wurin da zai yi aikin yana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Na biyu, Blair tana cikin rukunin makarantu biyar ne tare da Einstein da Kennedy da Northwood da Wheaton, gida yana iya zama a Silver Spring amma makarantarsa ta asali wata ce daban, don haka kafin ki biya kuɗin ajiya ki shiga shafin hukumar makarantun gundumar ki sa adireshin gidan ki ga wacce ya faɗa, kar ki tsaya kan maganar dillali.